Zamani Riga: Jarin Iyaye da Jarin 'Ya'ya a Fagge da Sabon Gari

Duk wanda ya san Fagge ya san asalinta zango ne na ayarin Abzinawa a bayan ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari a 1913, sai cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka yawaita a hannun fatake. To, ina suka zuba su? A abin da ido ke gani: gida, fili, shanu, zinare da kaya a sito. Banki kuwa ana ɗari-ɗari da shi saboda kuɗin ruwa, shi ya sa har yau ake ba da labarin azurfar da Alhassan Ɗantata ya kai bankin Turawa bisa raƙuma 20 a 1929.

Amma babban jarinsu shi ne mutum. Maigida yakan ɗauki yaro ya yi shekaru yana jiran shago, in ya kawo ƙarfi a yanka masa jari. Haka 'yan kasuwar Ibo na Sabon Gari ke sallamar yaransu. Bayan dokar 1972 ta mayar da wasu sana'o'i hannun 'yan ƙasa, kantunan Kwara na Kwari suka riƙa komawa hannun Kanawa, ciki har da waɗanda suka yi musu yaranta.

Al'amari ya juya a 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta karya darajar Naira. Dalar da ba ta kai Naira ɗaya ba a 1985, ta haura Naira 1,500 a 2024. Tun daga lokacin 'yan canjin Wapa suka koya wa mutane cewa kuɗin da ke kwance narkewa yake yi. Waɗanda suka ruga sayen hannun jarin bankuna kuma suka sha kaye a 2008, sannan gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta cinye dubban shaguna a dare ɗaya.

Yaron da ya tashi yana ganin wannan, yaya za a yi ya yarda da ajiyar shekara goma? Shi ya sa jarinsa ke cikin wayarsa: Dala, kirifto, da kayan da zai tallata ta intanet ba tare da shago ba. Sai dai gaggawar ta jefa da yawa hannun 'yan damfara, kamar MMM a 2016 da CBEX a 2025.

Muna iya cewa kowane zamani tsoronsa ne ke zaɓar masa wurin ajiya. Iyaye sun ji tsoron haram da rashin magaji, 'ya'ya na tsoron faɗuwar Naira. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, jarin waya ba ya buƙatar yaron shago, balle a yaye wani. Mu marubuta, kafin mu yi wa matasa faɗa cikin littattafanmu, mu je Kwari mu rubuta yadda dattawa suka tsayar da yaransu, tun masu ba da labarin suna raye.