Hasashen kwamfuta kan fitar zafi daga naɗaɗɗen bututun na'urorin sanyi

Na'urar sanyi, ko firjin mai sayar da lemo a kasuwar Birnin Kebbi ko injin ƙanƙarar masu adana kifi a Argungu, aikinta shi ne kwashe zafi daga ciki ta zubar da shi waje. Wurin zubarwar shi ne bututun da makanikai ke kira kwandensa. Gas yana shigarsa da zafi a matsayin tururi, ya saki zafin ga iska ko ruwan da ke kewaye, sannan ya koma ruwa, kamar yadda tururi ke zama ɗigo a murfin tukunya.

A wasu injina akan naɗe bututun kamar gammo don kada ya ci wuri. Naɗin yana da wata fa'idar. A 1927 masanin lissafi ɗan Ingila W. R. Dean ya nuna cewa ruwan da ke bin lanƙwasasshen bututu yakan riƙa juyawa gida biyu yana cakuɗa kansa. Wannan yana hanzarta fitar zafi, amma yana ƙara wa kwamfireso nauyin turawa.

Lissafin abin ne ke da wuya. Ƙa'idar Wilhelm Nusselt ta 1916 da ta M. M. Shah ta 1979 ba a gina su kan naɗaɗɗen bututu ba, inda tururi da ruwa ke tafiya tare, lanƙwasa tana jan kowanne gefensa. Shi ya sa masu bincike suka koma ga koyon na'ura, wani reshe na ƙirƙirarriyar basira. Akan ba kwamfuta sakamakon gwaje-gwajen da aka riga aka yi, da faɗin bututu da na naɗin, tazarar zagaye, nau'in gas, gudunsa da zafinsa, ita kuma ta gano dangantakarsu da kanta. Akan ɓoye wani kaso na sakamakon don jarraba ta daga baya, kuma sau da yawa hasashenta yakan fi na tsofaffin ƙa'idoji kusantar gaskiya.

Sai dai iliminta bai wuce abin da aka nuna mata ba, kuma a nan ne batun ya shafi kwarin Rima. Dole kwandensa ya fi iskar waje zafi kafin ya iya zubar da nasa, ga shi a watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40. Hasashen da aka koya daga gwajin wuri mai sanyi ba abin dogaro ba ne a nan, balle idan ƙura ta lulluɓe bututun. Gas ɗin ma yana sauyawa: Yarjejeniyar Montreal ta 1987 tana kawar da R22, gyaran Kigali na 2016 yana rage irin su R134a, R600a da R290 suna maye gurbinsu, kuma kowane sabon gas yana buƙatar nasa gwajin.

Ɗan kasuwa ko jami'in sayayya ba sai ya san lissafin ba, amma ya kamata ya duba tambarin da ke jikin kaya. Firji mai alamar N an ƙera shi ne don zafin da bai wuce digiri 32 ba, ST digiri 38, T kuma digiri 43. Na'urar sanyaya ɗaki mai T1 a digiri 35 ake gwada ta, mai T3 kuwa a digiri 46.