Kariyar Alamar Kasuwanci ga Masu Sana'ar Abinci a Matameye: Yarjejeniyar Bangui da Matsalar Kan Iyaka

Tsakure

Wannan maƙala ta karanta tanade-tanaden Yarjejeniyar Bangui kan alama da sunan kasuwanci, ta auna su da halin masu sayar da abinci a Matameye, Jihar Damagaram. Ta nuna cewa sunan kasuwanci da alamar haɗaka sun fi dacewa da ƙaramin mai sana'a bisa alamar mutum ɗaya, kuma babban giɓin kariyar yana kan iyakar Nijar da Nijeriya.

Gabatarwa

Matameye garin kan hanya ne. Motar da ta taso daga Damagaram za ta Kano ta nan take ratsawa, ta bi Ɗan Barto, ta faɗa Daura. Ƙasar Kance ta yi suna da rake da kayan lambun fadama, garin kuma yana da tarihin matsar man gyaɗa tun zamanin da gyaɗa ke riƙe da arzikin Nijar. Abin da matafiyi ke saye a tasha yawanci ba rubutu a jikinsa: kilishi naɗe a takarda, ƙuli-ƙuli a farar leda, man gyaɗa a gorar ruwa da aka wanke aka toshe bakinta da leda. Mai saye fuska yake bi, ya ce a ba shi na wane. Amma yau ana manna ƴar takarda mai suna da lambar waya a jikin leda, ana karɓar saƙo ta WhatsApp, direba ya kai kaya inda mai su bai taɓa takawa ba. Daga ranar da suna ya fara tafiya ba tare da mai shi ba, duk mai injin buga takarda zai iya ɗaukarsa.

Abin da doka ta tanada

Nijar ba ta yi wa alamar kasuwanci rajista ita kaɗai. Tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, ƙarƙashin Yarjejeniyar Bangui ta 2 ga Maris 1977, wadda aka sabunta a 1999, aka sake sabuntawa a Bamako a 2015. Hukumar AN2PI da ke Yamai ita ce ƙofar shiga ga ƴan Nijar. Rajista ɗaya tana aiki a ƙasashen gaba ɗaya har shekara 10, ana kuma sabunta ta. Gidan abinci yana aji na 43 a rabe-raben Nice, nama da mai a aji na 29, gari da sukari da kayan yaji a aji na 30.

Rataye na III na yarjejeniyar ya bai wa wanda ya riga shigar da buƙata mallakar alama. Wannan ƙa'ida tana da nauyi a kan mai tuwon da ta shekara da shekaru tana ciyar da direbobi da suna ɗaya, domin daɗewa kaɗai ba ta hana wani ya riga ta. Doka ta buɗe ƙofar ƙin amincewa cikin wata uku bayan an buga buƙatar a mujallar ƙungiyar, sai dai mujalla ce ta Faransanci da ba ta zuwa tashar mota. Ga kuma kuɗin rajista, wanda ake lissafa shi da ɗaruruwan jaka na sefa. Haka nan kalmar da ke bayyana kayan kawai, irin su kilishi ko fura mai kyau, ba ta zama mallakar kowa.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Shiga kundin ƴan kasuwa na RCCM, bisa dokokin kasuwanci na OHADA, shaida ce ta cewa mutum ɗan kasuwa ne. Ba ta ba shi ikon hana wani amfani da alamarsa ba.

Hanyoyin da suka fi kusa da ƙaramin mai sana'a

Rataye na V, wanda ya shafi sunan kasuwanci, ya fi kowanne fahimtar yadda kasuwar Hausa take, gama ya ce suna na wanda ya fara amfani da shi ne ko ya fara yi masa rajista. Ke nan allon da ke ƙofar gidan abinci, da rasiɗi, da takardar haraji mai kwanan wata, duk hujja ce. A ganina nan ya kamata wayar da kai ta fara, da koya wa masu sana'a ajiye takarda. Rataye na VIII kuma ya haramta duk dabarar da ke sa mai saye ya ɗauki kayan wani a matsayin na wani, ko da ba rajista.

Hanya ta biyu ita ce haɗaka. Nijar ta riga ta gwada ta: OAPI ta amince da kilishin Nijar da albasa ƴar Galmi a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da asalinsu, cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi kuma suka samu alamar haɗaka. Ba a banza aka yi wannan ba, domin an taɓa samun wani kamfanin iri mai mazauni a Senegal da ya nemi haƙƙi kan irin albasar Galmi, sai da Nijar ta tashi tsaye. Ƙungiyar mata masu matsar mai a Matameye, ko ta masu rake, za ta iya raba kuɗin rajista tsakanin mambobinta. Sharaɗin shi ne rubutacciyar ƙa'idar amfani: wace gyaɗa, wane irin suya, wa zai duba, me za a yi wa wadda ta gauraya mai. Rubuta wannan ƙa'ida da tsayawa a kanta ya fi biyan kuɗin wuya.

Inda takardar ke tsayawa

Takardar OAPI tana kare ɗan Matameye a Dakar da Librebil, biranen da ledarsa da wuya ta kai. A Ɗan Barto kuwa ƙarfinta ya ƙare, saboda Nijeriya ba ta cikin OAPI. Tana da dokarta ta alamar kasuwanci ta 1965 da ofishin rajistarta a Abuja, inda wa'adin farko yake shekara 7, sabuntawa kuma shekara 14. OAPI ta shiga tsarin Madrid na rajistar alama a ƙasashe da yawa da buƙata ɗaya a 2015, amma Nijeriya ba ta shiga ba, don haka wannan gajeriyar hanya ma a rufe take. Dokar 1965 kuma ba ta da babi kan sunan asali, alhali ana yin kilishi a ɓangarorin iyakar biyu, da harshe ɗaya, ga masu saye iri ɗaya.

Abin da ya rage shi ne Yarjejeniyar Paris ta 1883, wadda ƙasashen biyu suke cikinta. Sashe na 8 ya wajabta kare sunan kasuwanci ba sai da rajista ba, ko da yake a kotun Nijeriya sai mai ƙara ya tabbatar an san sunansa a can kuma an ruɗi masu saye. Sashe na 4 kuma ya tanadi cewa wanda ya shigar da buƙata a wata ƙasa yana da wata shida ya shigar da ita a wata, a lissafa masa kwanan watan farko, ko da yake babu tabbas cewa wannan tanadi yana aiki a Abuja. Ƙungiyar da kayanta ke zuwa Daura da Kano ya kamata ta tanadi kuɗin rajista biyu tun kafin ta shigar da ta farko, domin waɗannan watanni shida ba sa jiran a yi karo-karo, ta kuma nemi lambar hukumar NAFDAC ta Nijeriya idan kayan na cikin leda ko kwalba ne.