Tarihin Maganin Iri a Ƙasar Gumel: Siffar Sinadari da Ƙarfinsa a kan Fumfuna

Maganin iri shi ne garin da manoma ke cakuɗawa da irin gero, dawa ko gyaɗa kafin shuka, kuma a ƙasar Gumel, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ana sayar da shi cikin ƙananan ledoji da zarar damina ta ƙarato. Abin da ke cikin ledar ya sauya sau da dama, kuma kowane sauyi ya biyo bayan ƙarin fahimtar yadda siffar sinadari, wato tsarin da ƙwayoyin zarra suka jeru a cikinsa, ke ƙayyade irin fumfunar da zai iya kashewa.

Rukuni na farko shi ne na thiram, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya yi wa danginsa rajista a 1934, ko da yake shigarsa kasuwa ta zo daga baya. Ƙarfinsa yana cikin ƙwayoyin farar wuta da ke jikinsa, masu lalata ayyuka da yawa a jikin fumfuna lokaci guda, sai dai ba ya ratsa tsiro, a bayan iri yake tsayawa. Shi ne ke cikin Fernasan D da Aldrex T, waɗanda aka daɗe ana amfani da su a Arewa domin maganin burtuntuna, kafin Yarjejeniyar Stockholm ta haramta magungunan ƙwari da ake haɗa shi da su, aldrin a 2001 da lindane a 2009.

Zamanin da ya fi muhimmanci shi ne shekarun 1970, lokacin da aka samo ƙarin sinadarai masu shiga jikin tsiro su auna wuri ɗaya tak. Dangin triazole suna da zobe mai ƙwayoyin naitirojin uku, ɗaya daga cikinsu tana kama ƙwayar ƙarfe da ke tsakiyar wani inzayim, wato furotin mai gudanar da aiki, sai fumfuna ta kasa ƙera ergosterol, kitsen da take gina fatar ƙwayoyinta da shi. Amma cutar da ke mayar da zangarniyar gero tarin ganye ba fumfuna ce ta haƙiƙa ba, ba ta ƙera wannan kitse, don haka triazole bai cika yi mata komai ba. Maganinta shi ne metalaxyl, wanda kamfanin Ciba-Geigy na Suwizalan ya fitar a 1977. Sinadarin yana da siffofi biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu, kuma an gano kusan dukkan ƙarfin yana ga ɗaya, shi ya sa a 1996 aka ware ta aka kira ta metalaxyl-M, wadda rabin awo nata ke yin aikin cikakken awo. Bambancin aikin waɗannan sinadarai ne dalilin da maganin iri mai suna Apron Star ya haɗa abu uku: metalaxyl-M kashi 20 cikin ɗari, difenoconazole na dangin triazole kashi 2, da maganin ƙwari thiamethoxam kashi 20.

Auna wuri ɗaya yana da illa, domin ɗan sauyi kaɗan a jikin cutar ya isa ya hana maganin kama ta, kamar yadda ya faru ga metalaxyl a gonakin dankali a Turai wajen 1980. Haka kuma maganin iri ba ya hana fumfunar rumbu, Aspergillus flavus, mai haifar da gubar aflatoxin a gyaɗa da riɗin da ake kaiwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Nan shanya mai kyau da busasshen wurin ajiya suka fi kowane sinadari tasiri.