Daga Garken Tumaki zuwa Yaran Habasha: Tarihin Binciken Garkuwar Jiki da Tsutsar Ciki

Wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya, da wuya ta sake kama shi, domin jikinsa ya shaida ta, ya kuma tanadi makamin korar ta. Amma tsutsar ciki ba haka take ba. A ba yaro magani yau, cikinsa ya wanke tas, bayan 'yan watanni a sake samun ƙwanta a bayan gidansa. Me ya sa jiki ke tuna ƙyanda, amma ya yi kamar ya manta da tsutsa? Masana sun shafe kusan ƙarni guda suna bin wannan tambaya, kuma amsar ta soma ɓullowa ne daga garken tumaki.

A shekarar 1929, wani masani Ba'amurke mai suna Norman Stoll ya wallafa abin da ya gani ga 'yan tumaki masu kiwo a filin da ya gurɓata da wata tsutsa mai shan jini a tumbi, wadda ake kira Haemonchus contortus. Ya riƙa ƙirga ƙwan da ke fita cikin kashinsu. Da farko adadin ya yi ta hauhawa, sannan kwatsam ya faɗi, alhali ba a ba su magani ba, ba su kuma daina cin ciyawar filin ba. Stoll ya laƙaba wa wannan al'amari sunan warkar da kai. A farkon shekarun 1950, D. F. Stewart na ƙasar Ostareliya ya nuna cewa shigowar sababbin 'ya'yan tsutsa ce ke tayar da wannan kora, kuma a lokacin sinadarin histamin yakan ƙaru a jinin dabbar, kamar yadda ke faruwa ga mai borin jini.

Tsakanin 1966 da 1967, Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Amurka, da kuma Johansson da Bennich a Suwidin, suka gano wani sinadarin kariya a jini, wanda aka raɗa wa suna IgE a 1968. A wannan shekarar Johansson da abokan aikinsa suka bayyana cewa jinin yaran Habasha ya ninka na yaran Suwidin sau da dama wajen yawan IgE, musamman masu macijin ciki. Sai a 1986 Mosmann da Coffman suka bambance rukunin ƙwayoyin garkuwa da ake kira Th2, waɗanda daga baya aka tabbatar su ke jagorantar wannan yaƙi.

Ga yadda abin yake. Tsutsa ta fi ƙarfin ƙwayoyin jini su haɗiye ta, don haka jiki sai ya koma ga kora: hanji ya ƙara yauƙi da ruwa, ya tsananta motsi, ya gaggauta sauya fatarsa ta ciki, ya kuma ɗinke raunin da aka yi masa. Ita kuwa tsutsa ba ta zauna hannu rabbana ba. Takan fitar da sinadarai masu sanyaya garkuwar, har a zauna zaman doya da manja. Maimaita kamuwa yakan rage yawan tsutsotsi da ƙwansu sannu a hankali, amma da wuya ya kawar da su ƙaf. Macijin ciki yakan fi yawa ga yara ya ragu da girma, ita kuwa tsutsa mai ƙugiya takan bi mutum har tsufa.

Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, tun daga ƙudurin 2001, ta dogara ga raba wa yara magani a kai a kai, sau ɗaya ko biyu a shekara, tare da gyara masai da ruwan sha. Har yau mutum ba shi da allurar riga-kafin tsutsar ciki. Tumaki kuwa sun sami tasu, Barbervax, a Ostareliya a 2014, kan tsutsar nan da Stoll ya ƙirga ƙwanta. Ita ma sai ana maimaita ta.