Waƙar reno

waƙar reno (suna, mace, jam'i: waƙoƙin reno). 1. Gajeruwar waƙa mai ƙafiya da sauƙin hadda, wadda iyaye mata a ƙasar Ingila suke rera wa jarirai domin lallashi da tarbiyya, ana gadonta baki da baki shekara da shekaru, har Allah ya nufa Mary Cooper ta buga wasu a Landan a 1744, daga bisani kuma malami James Halliwell ya tattara masu yawa a 1842. 2. Wadda yara suke haɗawa da wasa, kamar ta gadar Landan, inda biyu kan haɗa hannuwa sama, saura suna ratsawa ƙarƙashi, har a cafke wanda ƙarshen baiti ya riska.