Ma'aunin Zanen Cike a Tagogin Kallo na AutoCAD: Bambancin Zanen Alama da Zanen Zahiri

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda zanen cike, wato layukan da ake cike wani yanki da su a taswirar gini ko ta inji, ke sauya girma daga wata tagar kallo zuwa wata. Ta nuna cewa zanen cike iri biyu ne, kuma magani ɗaya ba ya yi musu.

Gabatarwa

Tun fitowa ta 11 ta AutoCAD a 1990, manhajar ke da fage biyu: fagen samfuri, inda ake zana abu da girmansa na gaskiya, da fagen takarda, inda ake shirya abin da za a buga. Tagar kallo ce ke haɗa su, kowace taga da ma'auninta. Da yake zanen cike a fagen samfuri yake zaune, duk yadda taga ta rage bango, haka take rage layukan da ke cikinsa.

Lissafin tazara

A ɗauki ANSI31, layuka masu karkatar digiri 45. A fayil ɗin acadiso.pat tazararsu milimita 3.175 ce. Tazarar da za ta fito a takarda ita ce wannan adadi sau ƙimar HPSCALE, wato saitin girman zanen cike, a raba da ma'aunin taga. In an bar HPSCALE a kan 1 aka duba ta tagar 1:50, tazarar za ta koma milimita 0.0635, alhali kaurin siririn layin bugu kan kai milimita 0.13 ko 0.18. Layukan sai su haɗe, yankin ya fito baƙi ƙirin.

Mai zane kan gyara wannan ta hanyar ɗaga HPSCALE zuwa 50, tazara ta dawo 3.175. To amma idan aka buɗe taga ta biyu a 1:10 domin nuna mahaɗar bango da ginshiƙi, tazarar za ta kai milimita 15.875, ƙaramin yanki ya samu layi ɗaya ko ma ya rasa. Akwai kuma tarkon saitin MEASUREMENT: idan yana kan 0, fayil ɗin acad.pat manhajar take karantawa, inda tazarar 0.125 ce ta inci, sai zane ya matse sau 25.4 a taswirar milimita.

A da, masu zane kan yi kwafin zanen cike a shimfiɗu daban-daban, su daskarar da wanda ba su so a kowace taga. Aikin na yiwuwa, sai dai kowane gyara sai an maimaita shi. AutoCAD 2008 ya kawo zane mai bin ma'aunin taga: abu ɗaya ne ke ɗauke da jerin ma'aunai, yana fitowa da tazara iri ɗaya a takarda. Sharaɗinsa shi ne ma'aunin tagar ya kasance cikin jerin; in babu shi, kuma saitin ANNOALLVISIBLE na kan 0, zanen ba zai bayyana ba sam.

Inda maganin ke ɓata aiki

ANSI31 alama ce kawai, tana cewa nan ne aka yanka abu. Tazararta ba ta auna komai, don haka daidai ne ta tsaya cak a takarda. AR-B816 kuwa hoton bulo ne mai inci 8 da 16, wato milimita 203.2 da 406.4. Idan aka sa shi ya bi taga, bulon da ke 1:100 zai ninka wanda ke 1:50 girma a kan bango guda, yawan sahu ya saɓa tsakanin tagogi biyu. A ganina wannan ya fi baƙin yanki muni, domin baƙin yanki kowa na ganinsa ya ƙi karɓa, amma sahun ƙarya tsaf yake fitowa, magini ko mai ƙididdigar kaya ya iya dogara da shi.

Irin wannan zane girman gaskiya yake buƙata. A Nijeriya fuskar bulon siminti milimita 450 da 225 ce. Da yake tsawon kowanne daga cikin bulon biyu ninki biyu ne na tsayinsa, HPSCALE na kusan 1.107 na mayar da AR-B816 daidai da shi, kafin a ƙara kaurin kwaɓin da ke tsakani. Sai kuma a ɗora mafarin zanen a kusurwar bango ta ƙasa domin sahu ya soma da cikakken bulo. A 1:200 da abin da ya fi haka nisa, gara a daskarar da shimfiɗarsa a wannan taga da a kumbura bulon.

Manhajar zane ta Revit ta raba nau'o'in biyu tun a tsarinta, zanen takarda daban, zanen samfuri daban. AutoCAD ya bar wa mai zane wannan hukunci, shi ya sa ya kamata kowane ofis ya rubuta a fayil ɗin da yake soma aiki da shi wane zane ne zai bi taga, wane ne kuma zai bi bango.