Angela Belcher da Ɓawon Abalon

A bakin tekun Kalifoniya, cikin ƙasar Amurka, akwai wani irin dodon koɗi da ake kira abalon. Ɓawonsa kusan duk sinadarin alli ne, kashi 98 cikin ɗari, sauran kashi 2 kuwa furotin ne. Amma alli da yatsa ake murƙushe shi, shi kuwa wannan ɓawo ya fi alli ƙarfi ninkin ba ninkin. Ga shi kuma dabbar ba ta da makera, ba ta da wuta, cikin ruwan sanyi take yin gininta.

Wannan al'amari shi ya ɗauki hankalin Angela Belcher, mutuniyar jihar Teksas, sa'ad da take karatun ilmin sinadarai a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara, inda ta sami digirin dakta a 1997. Ta ga furotin ɗin nan shi ne magini. Shi ke kama ƙwayoyin alli ya jera su daki-daki, kamar yadda ake jera tubali. Sai ta yi tunani, in halitta ta iya gini da alli, me zai hana a koya mata gini da ma'adinan da ake yin kayan lantarki da su? A masana'antu sai da zafi mai tsanani da magunguna masu dafi ake ƙera irin waɗannan kaya.

Abalon ba ya girma da wuri, saboda haka ta nemi ma'aikaci mai saurin haihuwa. Ta zaɓi wata ƙwayar bairos mai suna M13, siririya kamar zare, wadda ba ta cutar mutum, bakteriya kaɗai take kamawa. Ga yadda ake aikin. A kan ɗebo wajen iri biliyan ɗaya na bairos ɗin, kowanne da furotin dabam a jikinsa, a zuba su kan ma'adinin da ake so. Sai a wanke. Waɗanda ba su kama ba ruwa ya tafi da su, waɗanda suka manne kuwa a tsince su, a sa su hayayyafa, a sake gwadawa. Watau dai yadda manomi ke ware zangarniya mai kyau don iri.

A shekarar 2000, tana koyarwa a Jami'ar Teksas ta Ostin, ita da abokan aikinta suka nuna dabarar tana ci. A 2002 ta koma babbar makarantar fasaha ta MIT. Can ne a 2006 suka sa bairos ya lulluɓe jikinsa da sinadarin kobalt, ya zama waya wadda ido ba ya gani, aka yi gefe ɗaya na batir da ita. A 2009 suka gama ɗaya gefen, aka sami batir kamar kwabo wanda ya kunna ƙaramar fitila, har aka kai shi aka gwada wa Shugaba Obama. Ba a hura wuta ba wajen haɗa wayoyin nan.

An girmama ta da kyautar MacArthur a 2004, da ta Lemelson a 2013. Daga baya ta juya wannan bairos ɗin wajen neman ƙananan ƙulluttan ciwon daji a mahaifar ƙwai ta mata, domin likita ya gan su tun suna ƙanana ya cire.